Sai Da Izini Za Mu San Ƙarfe Nawa?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata 'yar danniya da ta daɗe tana kwance cikin na'urorin da muke karatu da su, har mun saba da ita kamar yadda jaki yake sabawa da mangala. Ga yadda take. Ɗalibi ko ma'aikaci zai ɗauki kwamfutar da makaranta ko ofis ya danƙa masa, ya tashi daga Kano ya sauka Khartum, ko daga Yamai ya sauka Makka, ya buɗe ta ya tarar agogonta yana nan yana bin lokacin gida. In ya nufi wurin saiti don ya shaida mata cewa ƙasa ta sauya, sai wani ɗan akwati ya tare shi a fuskar allo, yana neman kalmar sirrin mai kula da na'ura. Kalmar nan kuwa ba ya da ita, mai ita yana can bayan ƙasashe. Shi ke nan, mutum da hankalinsa, da shekarunsa, da karatunsa, an hana shi gaya wa abin da ke kan cinyarsa garin da yake zaune.

Mun san wani zai ce, haba, ga yunwa, ga tsadar karatu, ga rashin wuta a ɗakunan kwana, sa'an nan a zo a ɓata mana tawada a kan agogo? Mun ji, kuma ba mu ce wannan ita ce babbar matsalar duniya ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙaramin hani marar dalili shi yake koya wa mutane karɓar babba ba tare da tambaya ba. Bayan haka kuma wannan cuta ce mai sauƙin magani, an ma riga an san maganin, wasu sun sha sun warke tun shekaru da dama. Abin da muke so mu tabbatar a nan guda ɗaya ne: duk wanda ke zaune gaban kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka, yana aiki da ita da sunansa, ya cancanci ya sauya shiyyar lokacinta ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Kafin mu yi nisa, wajibi ne mu raba abu biyu da masu kulle suka cakuɗa, ko don rashin lura ko don lalaci. Agogo daban, shiyyar lokaci daban. Manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta na zuriyar Unix, wadda Linux ke cikinta, ba su san ƙarfe bakwai na safe ko huɗu na yamma ba. Abin da suka sani shi ne ƙidayar daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren da ya buɗe 1 ga Janairu 1970, bisa lokacin bai-ɗaya na duniya da ake kira UTC. Ƙidayar nan ta cika biliyan 1 a watan Satumba na 2001, tana kuma ci gaba. Adadin da na'urar Akara ke riƙe da shi a wannan daƙiƙa, shi ne na na'urar Kano, shi ne na ta Jidda. Wannan shi ne agogo. Shiyyar lokaci kuwa tafinta ce kawai: ita ke ɗaukar wannan adadi ta juya shi zuwa harshen mutanen gari, ta ce wa na Akara sha biyun rana, na Kano ƙarfe ɗaya, na Khartum ƙarfe biyu, na Makka ƙarfe uku. In an sauya tafinta, maganar da sarki ya faɗa ba ta sauya ba. Haka nan in an sauya shiyya, ko daƙiƙa ɗaya ba ta ƙaru ko ta ragu a ƙidayar na'ura ba.

Ita kanta shiyyar, shiri ne na mutane don sauƙin mutane. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a birnin Washington na Amurka suka amince layin da ya ratsa Greenwich ta Ingila ya zama mafarin awo, daga baya ƙasashe suka riƙa tsayar da lokacinsu bisa tazararsa da wannan layi. Nijeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da awa 1, Ghana tana kan layin, Indiya tana gaba da awa 5 da rabi, Maleshiya da awa 8. Kundin da kusan dukan na'urorin duniya ke dogaro da shi don sanin waɗannan tazarori, wani bawan Allah mai suna Arthur David Olson ya fara tattara shi a shekarun 1980, Paul Eggert ya ci gaba da kula da shi, hukumar IANA kuma ta karɓi riƙonsa a 2011. Kundi ne buɗaɗɗe, yana cikin kowace na'ura, kowa yana iya karanta shi. To ina dalilin da za a ce kowa ya karanta, amma mutum ɗaya tak ne zai zaɓi shafi?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Shi agogon kansa, mun yarda a kulle shi, a ma ƙara kwaɗo. Takardun shaidar da shafukan intanet ke nunawa don tabbatar da cewa su ne su, suna da ranar farawa da ranar ƙarewa; wanda ya iya mayar da agogo baya yana iya sa na'ura ta karɓi takardar da ta mutu. Tsarin Kerberos, wanda manyan ma'aikatu ke tantance masu shiga da shi, bisa saitinsa na asali ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin na'ura da uwar garke. Lambobin sirri na wucin-gadi da manhajojin tantancewa ke bayarwa suna sauyawa kowace daƙiƙa 30, kuma daga agogo ake lissafa su. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma a duba da kyau: babu ɗaya daga cikinsu da ke tambayar shiyya. Dukansu ƙidayar UTC suke kallo. Saboda haka wanda ya kulle shiyya da sunan tsaron waɗannan abubuwa, ya ɗaure akuya ne don kura ta yi ɓarna.

Yanzu mu dubi yadda abin yake a yawancin manhajojin Linux na wannan zamani. Shiyyar dukan na'ura tana rataye a wani fayil guda mai suna /etc/localtime, wanda babban asusun da ake kira root ne kaɗai ke da ikon taɓa shi. Akwai wani ɗan aike cikin systemd mai suna timedated da ke sauya shi in an roƙe shi, akwai kuma mai gadi, polkit, da ke yanke hukuncin wanda za a saurara. Masu systemd sun san bambancin da muka faɗa sarai, domin sun raba ayyukan gida huɗu: saita agogo, saita shiyya, saita yadda agogon cikin ƙarfen na'ura ke ajiye lokaci, da kunna ko kashe daidaita agogo ta intanet. Sun raba su da suna, amma da aka zo rabon izini sai aka yi musu kuɗin goro, kowanne aka ce sai da kalmar sirrin mai kula. Ɗakuna huɗu aka gina, ɗaya ma'ajiyar dukiya, ɗaya zauren baƙi, aka sa musu kwaɗo iri ɗaya, aka ba mutum ɗaya makulli ya tafi da shi.

Abin dariya, in da abin na dariya ne, shi ne cewa wannan ƙofa da ake gadi ba ta da bango a gefenta. Tun zamanin da, Unix ta bai wa kowane mai asusu damar faɗin shiyyarsa ta hanyar wata alama mai haruffa biyu, TZ. Duk ɗalibin da ya san hanyar baƙin allon umarni zai rubuta TZ=Africa/Khartoum date ya ga lokacin Khartum nan take, ba wanda zai tambaye shi ko da sunansa. In ya ƙara wayo, zai sa alamar cikin fayilolin asusunsa, shirye-shiryen da yake buɗewa su riƙa bin ta. Wato masu ilmin na'ura sun riga sun mallaki wannan 'yanci tun kafin a haifi yawancinmu. Wa hanin ya kama ke nan? Ya kama ɗalibar koyon aikin jinya, da malamin tarihi, da akawun ofis, waɗanda ba su san wata hanya ba sai ta danna alama a fuskar allo. Dokar da ke ƙyale masani ta kama jahili, mun san sunanta a wannan ƙasa tamu, kuma sunan ba tsaro ba ne.

Ga masu cewa abin ba ya yiwuwa, sai mu nuna musu maƙwabci. A zamanin Windows XP, sauya shiyya da sauya agogo izini ɗaya ne, mai ƙaramin asusu ba ya iya ko ɗaya. Ma'aikatu da yawa da ke da ma'aikata masu yawan tafiya suka ga ba su da mafita sai su ɗaga musu matsayi su zama masu kula, wanda hakan ya buɗe wa miyagun manhajoji ƙofa. Da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows Vista ga jama'a a Janairun 2007, sai ya tsaga izinin biyu: agogo ya zauna hannun masu kula, shiyya kuma aka bai wa kowane mai asusu a kwamfutocin tebur, aka bar ta a kulle a manyan na'urori masu hidimar jama'a. Tun daga lokacin aka ci gaba da wannan tsari, ɗaruruwan miliyoyin na'urori suna tafiya a kansa, sama ba ta faɗo ba. Abin kunya ne a ce manhajar da ake sayarwa a rufe ta fi manhajar da ke alfahari da sunan 'yanci sakin hannu a wannan wuri.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A watan Fabrairun 2012, Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiri zuciyar Linux da hannunsa, ya fito fili ya caccaki masu openSUSE saboda neman kalmar sirrin root kafin a sauya shiyyar lokaci, ko a shiga sabuwar hanyar intanet marar waya, ko a haɗa na'urar buga takardu. Ya yi amfani da kalamai masu kaushi waɗanda ba za mu maimaita ba, ba mu kuma goyi bayansu ba, amma ƙorafinsa yana kan hanya. Bayan wannan an samu ɗan sassauci nan da can. Masu GNOME, alal misali, suna da ƙa'idar da ke barin wanda ke cikin rukunin masu kula ya gyara lokaci ba tare da an sake tambayarsa kalmar sirri ba, muddin yana zaune gaban na'urar. Madalla. Sai dai an sauƙaƙa wa wanda dama yake da makulli ne. Wanda ba ya da shi yana nan tsaye a waje. Tsugune ba ta ƙare ba.

Me wannan hani ke jawowa a zahiri? Ɗauki ɗalibin da ya je Khartum da na'ura mai bin lokacin Legas. An ce masa a haɗu ƙarfe goma, ya rubuta goma a kalandar na'urarsa. Na'ura ta ɗauka goman Legas yake nufi, wanda ya yi daidai da sha ɗayan Khartum, sai ta tunatar da shi bayan an yi awa guda da farawa. In Makka ce, awa biyu. In Kuala Lumpur ce, awa bakwai. Wa'adin miƙa aikin gida, lokacin jarrabawar da ake yi ta intanet, ganawa da mai duba kundin bincike, tashin jirgi, duk sai ya riƙa lissafi da ka, ranar da gajiya ta kama shi ya yi kuskure kuma shi za a kira sakarai. Wanda ya je Ingila ma ya fi shiga ruɗu, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu ɗaya ne da na Nijeriya, in sanyi ya shigo su koma baya da awa guda, na'urarsa kuwa ba ta da labari.

Sa'an nan gwamnatoci ba su daina wasa da agogo ba. Sudan ta mayar da lokacinta baya da awa guda ranar 1 ga Nuwamba 2017. Sudan ta Kudu ta bi sahu a Fabrairun 2021. Masar ta dawo da lokacin bazara a 2023 bayan ta yi shekaru da barinsa. Duk sa'ad da aka yi irin wannan, sai an sabunta kundin shiyyoyi a cikin na'ura kafin ta gane, sabuntawar kuwa aikin mai kula ne. Kafin ya waiwayo, mai amfani da na'ura yana iya zaɓar wata shiyyar maƙwabta da ta yi daidai da agogon bangon ɗakinsa ya lallaɓa da ita. An hana shi gyaran gaske, an kuma hana shi na wucin-gadi.

Mafi muni daga cikin illolin shi ne wanda ke faɗa wa tsaron da ake ikirarin karewa. A 1975 wasu masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa ƙa'idojin tsare bayanai a kwamfuta waɗanda har yau ake koyar da su. Ɗaya ta ce a bai wa kowa iyakar ikon da aikinsa ke bukata, kada a ƙara. Wata ta ce tilas tsaro ya zama abin da mutane za su iya jurewa, in ba haka ba za su kewaye shi. Masu kulle shiyya sun karya duka biyun. Mutumin da aka matsa wa lamba, ɗayan uku zai yi. Ko ya roƙi kalmar sirrin mai kula ta waya, a karanto masa, daga ranar nan ta zama ta gari. Ko a gaji da kiransa a mayar da shi mai kula gaba ɗaya, a ba shi gatari don yana neman allura. Ko kuma wani mai ƙaramin sani ya bar shiyya yadda take ya tura agogon kansa gaba da awa biyu don fuskar allo ta yi daidai, daga nan wasiƙunsa su riƙa fita da lokacin ƙarya, lambobin tantancewa su ƙi shiga. Ƙari a kan haka, wanda aka saba tambayarsa kalmar sirri a kan kowane ƙanƙanin abu, hannunsa yakan riga hankalinsa; ranar da ɗan damfara ya nuna masa akwatin bogi, zai cika shi kafin ya karanta. Wannan shi ne rufe ƙofa da ɓarawo.

Adalci ya sa mu saurari hujjojin ɗaya ɓangaren, domin suna da su. Ta farko: na'ura ɗaya tana iya zama ta mutane da yawa, in ɗaya ya sauya shiyya ya sauya wa kowa. Gaskiya ne. Amma shi polkit an gina shi da sanin bambanci tsakanin wanda ke zaune gaban na'ura yana aiki, da wanda ya bar asusunsa a buɗe ya tashi, da wanda ya shigo daga nesa ta waya. Na farkon kaɗai muke nema wa izini. Mutumin nan yana iya zare wayar wuta, yana iya rufe na'urar ya sa a jaka ya tafi da ita. An amince masa da raƙumi, ana jayayya da shi a kan akala. Kuma in na'ura ta koma wani gari, ai dukan masu amfani da ita sun koma tare da ita.

Ta biyu: akwai ayyukan da na'ura ke yi da kanta bisa lokacin gari, kamar kwafe bayanai da tsakar dare, akwai kuma rajistar abubuwan da suka faru, wadda sauyin shiyya zai iya hargitsa ta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai rajistar systemd tana ajiye lokaci bisa UTC ne, tana kuma rubuta duk sa'ad da aka sauya shiyya, don haka babu abin da ya ɓuya. Ayyukan da aka tsara ana iya ɗaure su da UTC su ma. Tsohon salon rajista da ke rubuta lokacin gari ba tare da faɗin tazara ba, tun 2009 aka fito da ƙa'idar da ta maye gurbinsa. In mai kula bai gyara rumbunsa ba, ba daidai ba ne ya ɗaure manomi don ɓera na shiga.

Ta uku: in an saki wannan, gobe za a nemi wani. Suna tuna mana da abin da ya faru a 2009, sa'ad da Fedora 12 ta fito tana barin wanda ke gaban na'ura ya girka manhajoji masu hatimi ba tare da kalmar sirri ba, jama'a suka yi ca, aka janye cikin 'yan kwanaki. Mun tuna. Girka manhaja yana ƙara wa na'ura abin da ba ta da shi, yana iya buɗe mata sabuwar kafa, ya dace a yi taka-tsantsan. Zaɓen shiyya zaɓe ne daga jerin da masu na'ura suka riga suka tantance suka ajiye a ciki. Kowane izini a auna shi da nauyinsa. Wanda ya ƙi aunawa ya ce a kulle duka, ya huta ne kawai da tunani, ya ɗora wa wasu wahalar hutunsa.

Ba mu musun cewa akwai wuraren da kullewa ta dace: uwar garke, na'urorin zauren jarrabawa, na'urar da aka kafa a bainar jama'a don kowa ya taɓa ya wuce. Waɗannan ba sa tafiya ko'ina, kuma suna da masu kula a kusa waɗanda suka san yadda ake rubuta ƙa'idar hani cikin layuka kaɗan. A nan ne ma gardamar ta tsaya. Tambayar ita ce, wa ya kamata a ɗora wa nauyin sauya saitin asali: ƙwararren da ake biya albashi don wannan aiki, ko ɗalibin da ba shi da sani ba shi da iko? Duk mai adalci ya san amsa.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Ga masu haɗa manhajojin Linux na tebur, su raba hukuncin shiyya da na agogo kamar yadda suka raba sunayensu, su bar wanda ke zaune gaban na'ura ya zaɓi shiyya tun daga saitin asali. Ga masu gina fuskokin allo irin su GNOME da KDE, su ba kowane asusu wurin zaɓen shiyyarsa ta kansa, abin da alamar TZ ta daɗe da halattawa, don na'urar mutane da yawa ta daina zama hujja. Ga cibiyoyin kwamfuta na jami'o'i da ma'aikatun da ke raba wa mutane na'urori, kada su jira kowa: ƙa'idar polkit guda ɗaya, gajeruwa, ta isa, a kuma duba kada a ƙwace wannan izini a na'urorin Windows inda ya zo a sake. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi gyaran kafin a miƙa na'ura, ba sai mai ita ya kira daga wata ƙasa ba.

Ga 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyyar kwamfuta kuma, ku ne masu kula na gobe. Ranar da makulli ya zo hannunku, kafin ku rufe kowace ƙofa ku tambayi kanku abin da ke bayanta, da wanda zai kwana a waje in kun rufe. In kun sami dalili, ku rufe ku kuma bayyana shi ga jama'a. In ba ku samu ba, ku bar ta a buɗe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun faɗi namu, saura mu ga aiki.